Tsohuwar motar ƙauyenmu: wane kayan gyara za a ƙera, wanne ne ba a wasa da shi?

Ina gaida iyayenmu da ƙannenmu na Yelwa da Birnin Yauri da Wara da Libata da Dugu Tsoho, da waɗanda ke karanta mu daga tsibirai idan sabis ya yarda.

Yau zancen mota za mu yi. Na san wata za ta ce me ya haɗa nas da gareji, ai wannan hirar maza ce. To ki yi haƙuri ki biyo ni. A aikinmu akwai abin da ake koya mana tun muna makaranta, wato jinkiri uku da ke kashe mai ciki: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin isa asibitin, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, su suka tsara shi haka a 1994, kuma har yau da shi ake aiki. Na farko muna yawan magana a kansa a wajen awo. Na uku namu ne mu ma'aikata, mu za a tambaya. Na biyun nan kuwa, a ƙasarmu ta bakin ruwa, sau da yawa yana rataye ne a kan wani ɗan guntun ƙarfe da bai kai tsawon tafin hannu ba, wanda ya karye a ƙarƙashin motar ƙauye, aka nema a kasuwa aka rasa.

Zubar jini bayan haihuwa na iya ɗauke mace cikin awa biyu idan ba a tare shi ba. Ki riƙe wannan lissafin a ranki yayin da muke tafiya.

Duk wadda ta san yankinmu ta san cewa da zarar an sauka daga babban titin da ya taso daga Kontagora ya bi ta Yauri ya nufi Koko da Jega, labari ya canja. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsofaffin garuruwa da tsibirai, aka tayar da mutane fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni, ƙauyuka da yawa suka zauna a bakin tafki, nesa da kwalta. Da rani yashi, da damina taɓo da kwazazzabai. Ƙaramar mota mai ƙasa-ƙasa ba ta shiga. Babur yana shiga, amma ki gwada ɗora mace mai jijjiga a kan babur ki gani. Abin da ke shiga ya fito shi ne tsofaffin motocin nan masu tsayi: Land Rover da iyayenmu ke kira Landiroba, tsohuwar Land Cruiser, tsohuwar Hilux, sai kuma akori-kurar Peugeot 504, wadda ba ta ja da ƙafa huɗu amma tana da juriya kamar jaki. Ranar kasuwa su ke fito da albasa da shinkafa da busasshen kifi. Da tsakar dare su ne motar asibiti.

Motocin nan wasu sun girmi direbobinsu. Land Rover ta fara fita a Ingila a 1948, kuma samfurin Defender na asali an daina ƙera shi a watan Janairun 2016. Land Cruiser mai lamba 40, wadda ake gani da zagayayyun fitilu, an yi ta ne daga 1960 zuwa 1984. A da ma a ƙasar nan ake harhaɗa wasunsu: kamfanin Leyland a Ibadan ya harhaɗa Land Rover, PAN ta Kaduna kuma ta fara fitar da 504 a 1975, ta ci gaba da yin ta har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ta a Faransa. A wancan zamanin kayan gyaransu ko a shagon lungu ana samu. Yanzu kuwa kamfani ya wuce zuwa sabon samfuri, dillali ya bi kamfani, aka bar mai tsohuwar mota da bakanikensa su san yadda za su yi.

Abin da ya sa ba a yar da su ba shi ne sauƙin gyara. Ba su da kwamfuta a ciki, bakanike yana jin ciwonsu da kunne. Gangar jikin Land Rover kuma ta alminiyam ce, ba ta tsatsa, ko da yake ƙashin bayanta na ƙasa ƙarfe ne, kuma shi taɓo da ruwa suna cin sa a ɓoye. Shi ya sa za ki ga mota fes daga sama, a leƙa ƙasa a tarar ta zama kamar rariya.

Idan wani abu ya lalace, hanyoyin da mai mota ke bi sanannu ne. Ya fara tambaya a Yelwa. Idan babu, a ɗauki hoton abin a tura ta WhatsApp zuwa Kontagora ko Sakkwato, daga nan sai Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, idan abin ya yi tsanani har Ladipo a Legas. Wani lokaci a naɗe karyayyen a leda a ba direban haya ya tafi da shi a gwada, domin hoto yana ruɗi: abu biyu su yi kama a ido, a zo ɗaurawa a ga ɗaya ya fi ɗaya da kaurin farce. Abin da za a samo ko dai tsoho ne da aka ciro daga motar da aka yanka, wanda ake kira na Baljiyam ko na Kwatano, ko kuma sabo ne na kwaikwayo daga masana'antun Nnewi ko na ƙasar Sin, wanda a cikinsa akwai nagari akwai na banza. Duk wannan kai-komo yana cin kwana uku, yana cin mako biyu. A tsawon kwanakin nan motar tana kan duwatsu, ƙauyen kuma ba shi da mota.

Daga nan ne ake komawa ga masu ƙerawa, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe, domin mutanen nan sun cancanci a san aikinsu.

Akwai mai injin feƙe ƙarfe. Za a kawo masa karyayyen abu, ya auna tsawo da kauri, ya ɗauko guntun ƙarfe ya ɗaura a inji yana juyawa, yana feƙewa kaɗan-kaɗan har ya fito daidai da na asali, ya yanka masa zaren noti idan yana buƙata. Akwai masu zubi, waɗanda aikinsu ɗaya ne da na masu zuba mana tukwanen alminiyam da muke dafa abincin biki: a danna tsohon abin a cikin damshin yashi ya bar siffarsa, a narka alminiyam a zuba, ya huce a fasa yashin a goge. Da haka ake samun murfi, da mariƙin ƙofa, da bututun da tiyon lagireto ke shiga. Akwai masu yanka robar tsohuwar taya su fitar da ƙullin robar da ke zama tsakanin sifirin da jikin mota don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Akwai mai ɗora takardar gasket a kan bakin inji ya bi ta da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa a hankali, har siffar ta fito da ramukanta. Ga maƙeranmu na gado, ga masu walda, ga masu like lagireto da dalma. Babu wanda ya ba su zanen kamfani. Karyayyen abin shi ne littafinsu.

Ba mu kaɗai ke wannan ba. A Kumasi ta ƙasar Gana akwai unguwa guda, Suame Magazine, da ta shahara a Afirka ta Yamma kan irin wannan aiki. Abin da zai ba ki dariya ma, su kansu manyan kamfanonin sun dawo kan hanyar. A 2021, lokacin da Land Cruiser ta cika shekara 70, Toyota ta sanar cewa za ta koma ƙera wasu kayan gyaran samfurin 40 da ta daɗe da dainawa. Masu Land Rover ma suna da sashen da ke kula da tsofaffin motoci. Sai dai su can saboda masu sha'awa ake yi, mutanen da ke ajiye tsohuwar jif a rumfa suna goge ta, su fita da ita yawon shan iska ranar hutu. Kayan kuma da kuɗin waje ake sayensu. Motar da wani ke yi wa ado a Turai, irinta ce ke ɗauko mai naƙuda daga bakin tafki a nan, kuma mai ita ba zai iya sayen ko noti ɗaya a wancan farashin ba.

Saboda haka ni ba na cikin masu raina kayan ƙira. Ba don su ba, da rabin motocin ƙauyukanmu sun zama ɗakin kaji. Amma akwai iyaka, kuma iyakar ce dalilin wannan rubutu.

Na taɓa zama a wani gareji ina jiran a duba motar gidanmu, na tambayi wani dattijon bakanike yadda yake bambance abin da zai ba a ƙera da wanda ba zai bayar ba. Ya ce da ni, 'yata, ki tambayi kanki, idan abin nan ya karye ana cikin tafiya, motar tsayawa za ta yi ko ƙwacewa? Na ce Baba, ai mu ma haka muke tantance marasa lafiya a bakin ƙofa, wanda zai iya jira da wanda ba zai iya ba.

Idan mariƙin ƙofa ya karye, a ɗaure da igiya. Idan gasket ɗin hannu ya yi yoyo, mota za ta yi zafi ta tsaya, a yi asarar lokaci, wanda shi ma ba ƙaramin abu ba ne ga mai zubar jini, amma dai kowa yana zaune a kujerarsa. Idan kuwa sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafar mota ta tsinke, ko kusoshin da ke riƙe taya suka gutsure, ko bututun man birki ya fashe a gangara, babu sauran dabara a hannun direba komai ƙwarewarsa.

Dalilin kuwa shi ne siffa daban, ƙarfi daban. Irin waɗannan kayan ana yin su ne da ƙarfe na musamman, a buga shi, a gasa shi a wani ma'aunin zafi, a sanyaya shi ta wata hanya, don ya jure lanƙwasa da girgiza sau dubbai ba tare da ya tsage ba. Mai injin feƙewa zai iya fitar da siffar daidai har ki kasa bambancewa, amma idan rodin gini ya feƙe, rodin gini ne dai. Walda kuma tana ƙona wannan gashin da aka yi wa ƙarfen, sai gefen da aka like ya zama nan ne mai rauni. Ya riƙe yau, ya riƙe gobe, ranar da aka faɗa rami da lodi ya balle ba sallama. Zubin alminiyam na gwangwanaye da tarkace yakan ɓoye ƙananan ramukan iska a ciki waɗanda ido ba ya gani. A tukunya ba komai, ko ta tsage tuwo ne ya zube. A ƙafar mota maganar rai ce. Uwargida ta san wannan a kicin: wuƙar da aka ƙera da sifirin mota da wadda aka yanko daga langa-langa duk wuƙa ake ce musu, amma ranar layya ake gane bambanci.

Don haka a ra'ayina, duk abin da ya shafi birki, da sitiyari, da abin da ke riƙe taya, a nemo na asali ko da tsoho ne mai lafiya, ko sabo daga dillalin da aka sani wanda za a iya komawa wurinsa. Kada a like, kada a feƙe daga ƙarfen da ba a san asalinsa ba. Man birki kuma man birki ne. Ana jin labarin masu zuba ruwan sabulu idan ya ƙare a daji. Ruwa yana tafasa idan birki ya yi zafi, ya zama tururi, a taka feda ta tafi ƙasa babu komai, ga shi yana cinye robobin ciki da tsatsa.

Akwai wani abu guda da ba ya karya mota amma yana kashe mutum, shi ne salansa. Tsohuwar salansa da aka yi wa faci, ga ƙasan mota ya huje, hayaƙi sai ya riƙa shigowa ciki. A cikin hayaƙin akwai iskar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ke kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, barci mai nauyi. Mai ciki da jariri sun fi kowa saurin cutuwa, kuma su ne ake kwantarwa a baya, a rufe tagogi da tampol saboda sanyi ko ruwan sama. Mace ta zo a galabaice, a ce wahalar hanya ce. Ko ana ruwa, a bar taga ɗaya a buɗe kaɗan. Idan kowa a motar ya fara ciwon kai lokaci guda, a tsaya a fito a sha iska. Gyaran salansa yana cikin masu araha, kuma shi mai walda zai iya yin sa da kyau.

Bari in ɗan ratse saboda iyayen da 'ya'yansu ke koyon aiki a gareji, don na san suna da yawa a cikinmu. Sana'a ce mai albarka, a ƙarfafa musu. Amma a hana su tsotsar fetur da baki ta tiyo, domin idan ya sarƙe ya shiga huhu yana ƙona shi. A hana su hure ƙurar birki da baki, tsofaffin takalman birki da yawa suna da asbestos, ƙurarsa tana zama a huhu shekaru kafin ta nuna kanta. Mai walda ya sa gilashin walda na gaske, ba tabarau na gayu ba. Idan ya dawo da dare ido yana yi masa kamar an zuba yashi, kada a ɗiga masa ruwan albasa ko wani haɗi, a kai shi a duba. Kayan aikinsa kuma a wanke su daban da na ƙannensa.

To me ya rage gare mu mata, tunda ba mu za mu shiga ƙarƙashin mota ba?

Shirin haihuwa da muke yi daga wata na bakwai, wanda yawanci ya tsaya a kan zannuwa da sabulu da kayan jariri, a sa mota a ciki. Ki ce da maigida, Malam, wace mota ce za ta ɗauke ni idan abin ya zo da dare, kuma tana tashi a yau ɗin nan? Ya je da ƙafarsa ya gani. Idan an ce ana jiran kaya daga Kano, ya tambayi wane kaya, yaushe aka aika. A karɓi lambar direba, a karɓi ta wani na biyu ko da daga ƙauyen gaba ne, a rubuta a bango, kada a bar su a waya ɗaya da caji zai iya ƙarewa. A ware kuɗin mai, domin direba da yawa yana kwana da tanki a bushe. A wasu jihohi irin su Jigawa da Katsina da Zamfara da Yobe an yi tsari da ƙungiyar direbobi ta NURTW, inda ake horar da direbobin sa-kai su riƙa ɗaukar masu naƙuda cikin gaggawa. Ko babu wani tsari daga sama, mai unguwa da shugaban tasha za su iya zama su tsayar da irinsa a tsakaninsu.

Mu da muka iya adashi, ga wani wuri da zai yi amfani. Sau da yawa mai mota ya san ya kamata ya sayi na asali, kuɗin ne babu, sai ya ce a like kawai zuwa bayan girbi. Idan ƙungiyar matan ƙauye tana da ɗan asusu, za ta iya ba shi rance a kan kayan birki da sitiyari kaɗai, da sharaɗin duk daren da aka buga masa ƙofa zai fito, a cire daga bashin. Kuma a yi wannan tun kafin ruwa ya sauka, a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da hanya take a buɗe kuma saƙo yana zuwa da wuri. A watan Agusta kowa ke neman kayan, hanyar kawo su ma ta lalace.

'Yan uwanmu na tsibirai da na ƙetaren ruwa, ku motarku ta farko jirgi ne, kuma zancen duk ɗaya ne. Injin jirgi ma yana da ɗan robar famfo da ke jawo ruwa ya sanyaya shi, yana da farfela da ake likewa idan ta gutsure. Inji ya mutu a tsakiyar tafki da dare ya fi mota ta mutu a daji muni. Ba mu manta da watan Mayun 2021 ba, lokacin da jirgin da ya taso daga jihar Neja ya nufo Wara ya nutse da mutane masu yawa, cikinsu har da mata da yara. A tambayi mai jirgi lafiyar injinsa kamar yadda za a tambayi direba, a tabbatar akwai filafili a ciki, a sa rigar ruwa. Wadda kuma aka gaya mata a wajen awo cewa cikinta yana da haɗari, ko hawan jini, ko tagwaye, ko an taɓa yi mata aiki, ko ta taɓa zubar jini a haihuwar baya, shawarata kada ta jira naƙuda a tsibiri. Da wata na tara ya kama, ta ƙetaro ta zauna wurin 'yan uwa a Yelwa ko Wara, kusa da asibiti. Na san barin gida da yara ba sauƙi, na san surutun dangin miji. A fara maganar da wuri, a sa uwar miji a cikin shawarar tun farko, ita ce za ta kashe surutun.

Idan tafiyar ta kama, a shimfiɗa katifa a bayan motar, mai ciki ta kwanta a gefen hagu. Idan ta riga ta haihu jini ne ke zuba, a sa ta yi fitsari kafin a tashi, wata mace ta zauna kusa da ita tana murza mata mara har mahaifa ta yi tauri, a sa jariri a nono, a lulluɓe ta. Mai jijjiga a kwantar da ita a gefe, kada a cusa mata cokali ko wani abu a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu tana cikin wannan hali, zai iya wucewa huhu. A ɗauki katin awo. A tafi da maza biyu masu lafiya waɗanda za su iya ba da jini, su ne kuma za su tura motar idan ta kafe. A gaya wa direba ya yi sauri inda hanya ta yi kyau, ya lallaɓa a ramuka, domin a ramin ne abin da aka like yake ballewa.

Ina so in ji daga gare ku, musamman na Shanga da Ngaski: mota nawa ce a ƙauyenku da ke iya fita da damina, kuma nawa ne ke tashi a wannan makon? Ku tambayo ku rubuto mini a ƙasa, ba sai kun ambaci sunan kowa ba. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu yi magana a kan saran maciji lokacin girbin shinkafa, da abin da ya sa ɗaure ƙafa da igiya yake ƙara ɓarna.